Shekwolo Ba Ya Sa Rana

Shekwolo ya girme ni da shekara goma sha biyu. Ƙauyenmu ɗaya, can wajen Gwada, kuma Yaya nake ce masa ko da yake ba mu haɗa uwa ko uba ba. Ni sunana Ayuba. Shi mutum ne dogo siriri, mai dogon wuya, in yana tafiya sai ka ce yana leƙen wani abu ta kan danga. A noman doya ban taɓa ganin kamarsa ba. A taurin kai kuwa, in na ce ban ga kamarsa ba ma na rage masa.

A ƙauyenmu ranar Alhamis ta dagaci ce. Duk namiji mai ƙarfi zai saɓa garmarsa ya tafi gandun dagaci, ya yini yana tada kunyar doyar da ba zai ɗanɗana ba. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. A shekarar da aka ce ƙasa za ta samu 'yancin kai, ruwan farko ya sauka ran Laraba da yamma. Gari ya waye ƙasa ta yi laushi, irin doyar Shekwolo na jira a inuwa, sai ya wuce gonarsa. Hantsi bai dubi ludayi ba dogarai biyu suka je suka taho da shi. Suka ɗaure shi a jikin bishiyar ƙofar gidan dagaci, suka rataya masa garmarsa a wuya, har la'asar sakaliya. Matarsa Rifkatu ta kawo masa ruwa a ƙwarya, aka kore ta. Ina cikin waɗanda suka wuce ta gabansa muna dawowa daga gandu, ina kuma cikin waɗanda suka sunkuyar da kai. Ƙasa dai ta samu 'yancinta a watan Oktoba, mu kuwa Alhamis ɗinmu tana nan inda take.

Da aka kwance Shekwolo, ya koma gonarsa. Ya jira ya haƙe doyarsa, ya ɗauki matarsa da 'yarsu Magdalene, ya sauko Minna ya kama dako a tashar jirgin ƙasa. A nan ya haɗu da Maiwada, wani tela Bahaushe haifaffen unguwar Limawa, wanda kakansa ya zo garin tun zamanin shimfiɗa layin dogo. Maiwada ya taɓa yin kwana goma sha ɗaya a kulle don ya halarci taron siyasar talakawa, ya fito da karyayyen haƙori da baki cike da magana. Shagonsa ya zama majalisar duk wanda mai mulki ya taɓa taka wa wuya. Yana taka keken ɗinki yana wa'azin siyasa, har wani lokaci ya ɗinka wa mutum aljihu a baya.

Abin da su biyun suka ƙi ɗaya ne, shi ya sa aka daɗe ba a lura cewa abin da suke so ba ɗaya ba ne. Maiwada yakan ce ana dukan talaka ne don shi kaɗai yake tsaye, da an ɗaure mu wuri guda kamar tsintsiya da ba mai karya mu. Shekwolo yakan gyaɗa kai, sannan ya ce ana dukan talaka ne don akwai wanda yake da ikon ce masa zo. Sai Maiwada shi ma ya gyaɗa kai. Kowa ya tashi yana ganin ɗan'uwansa ya goya masa baya.

A 1962 wani dattijo mai fili a gindin duwatsu, tafiyar awa biyu daga tasha, ya yarda mu zauna a dajinsa mu noma. Gida bakwai ne: Shekwolo, Maiwada, Kolo Banufe, Alhassan, Ishaya, Irimiya, sai ni da amaryata Sara, don ni ma na gaji da Alhamis na biyo sawun Shekwolo. Kirista huɗu, Musulmi uku. Tun ranar farko aka yi alkawari ba za a naɗa mai unguwa ba, ba babba ba ƙarami. Maiwada ya so a sa wa wurin suna Tungar Haɗin Kai, Shekwolo ya ce Tungar 'Yanci. Aka yi sati ana ja, mutanen gari suka ji labari suka raɗa mata Tungar Gardama, kuma sunan da ya bi ta ke nan.

Yadda muke yanke magana Shekwolo ne ya ƙirƙiro shi. Za mu zauna a gindin ɗorawa kowa da garmarsa a kan cinya. In an gama tattauna magana, wanda ya yarda sai ya tashi ya ajiye tasa a tsakiya. In garma bakwai suka taru, magana ta zauna. In guda ɗaya ta rage a hannun mai ita, magana ta mutu, ba a kuma tambayarsa ya ba da haƙuri. Ranar da ya kawo wannan tsari har ƙwalla na yi don daɗi. Ban taɓa zama wurin da a'a tawa take da nauyin ta kowa ba.

Shekara biyun farko, ban ƙi in mutu ina tuna su ba. Da damina kowa yana tunga, kowa yana ganin gonar kowa, ba sai an kira gayya ba. Sai ka farka ka tarar da Shekwolo a gonarka ya riga ya tada kunya talatin, ba sallama ba neman godiya. Tasa gonar kuwa bai taɓa cewa a zo masa ba, mu ne muke ganin ciyawa mu ji kunya mu je. Doya ta yi albarka. Da Kirsimeti Maiwada ya ɗinka wa matanmu riguna, da Sallah mu muka riƙe masa rago.

Ruwa ne ya tona mana asiri. Da rani rafin da ke kusa yakan ƙafe, sai mata su tafi wani mai nisa, su dawo da tulu a kafaɗa rana ta take. A zaman farko na ranin 1964 Maiwada ya kawo maganar rijiya. Haƙar rijiya kuwa ba ta yiwuwa sai da mutum huɗu a ƙalla: ɗaya a rami, biyu a kan igiya, ɗaya yana kwashe ƙasar da aka jawo. Kuma da rani ake yin ta, daidai lokacin da maza suke watsewa, Maiwada ya koma ɗinki a gari, Kolo ya tafi kamun kifi, mu sauran mu bi dako. Don haka ya ce a ware Talata, tunda Juma'a da Lahadi suna da masu su. Kowace Talata kowa ya hallara a bakin rami. Wanda ya ƙi zuwa ba ciwo ba rasuwa, da damina ba mai taka gonarsa.

Muka tashi ɗaya bayan ɗaya muka ajiye. Garma shida. Shekwolo na zaune, tasa a kan cinya, yana kallon tururuwa.

Da Hausa muke zama saboda Maiwada da Kolo da Alhassan, kuma Hausar Shekwolo ta dako ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce, "Rijiya na yarda. Gobe ma zan shiga rami. Amma Talata ɗin nan ban yarda ba."

Maiwada ya ce, "Me Talata ta yi maka?"

"Abin da Alhamis ya yi mini."

"Haba Shekwolo! Alhamis ta dagaci ce, gonarsa, doyarsa. Wannan ruwanmu ne, matanmu ne za su huta. Mu muka sa wa kanmu."

"Malam Maiwada, igiya da mutum ɗaya ya ɗaure ni da igiya da mutum shida ya ɗaure ni, a hannuna duka ɗaya ne. Kowa ya zo da zuciyansa. Wanda bai zo ba, ka bar shi da Allah."

Magana ta mutu. Kowa ya ɗauki garmarsa daga tsakiya, ba wanda ya kalli wani.

Kada a ce rago ne. Washegari shi ya fara sa diga a ƙasa, kuma tun daga ranar ba safiyar da ba ta same shi a bakin ramin ba. Da ramin ya yi zurfin da mutum ɗaya ba ya iya fitar da ƙasa, sai ya riƙa zama a baki da igiya a naɗe, yana jiran mutum uku. Wata rana biyu su zo, su zauna tare har azahar su tashi. Wata rana uku su zo, a yi aiki sosai, a rabu ana cewa sai gobe, goben kuma kowa ya ɗauka ai sauran za su je. Ni ma haka na yi. Sau nawa na saɓa igiyar dakona na bi bayan gida don kada in wuce ta gabansa! Ranin ya ƙare da rami gaba biyu. Damina ta zo ta cika shi da laka. Rani na biyu muka kwashe lakar, muka ƙara gaba ɗaya, muka ci karo da marmara, damina ta sake zuwa.

Duk wannan lokaci waɗanda suke ɗebo ruwan ba su da garma a gindin ɗorawa, kuma ba wanda ya lura a cikinmu, mu manyan masu 'yanci. A zaman ranin 1966 Maiwada ya sake kawo Talata, garma shida suka sake taruwa. Sai ga Rifkatu ta dawo daga rafi. Ta sauke tulunta, ta shiga ɗaki ta fito da 'yar fartanyarta ta shema, ta ratsa tsakaninmu ta jefa ta kan tulin garemani. Ta ja zanenta ta nuna mana kafaɗarta, duk ta yi kanta baƙi ƙirin. Alhassan ya fara cewa ai mata ba sa cikin tsari. Shekwolo ya ɗaga hannu ya ce, "Fartanya ɗin ta yana da baki kamar na kowa. A ƙirga shi."

Rifkatu ta ce, "An ƙirga. Saura taka, Baban Magdalene."

Ya daɗe yana kallon kafaɗar nan. Na ga hannunsa ya matse ƙotar garmar har jijiya ta fito, na ce a raina yau dai an gama. Sai ya ce da ita cikin yarenmu, a hankali, daga gobe shi zai riƙa ɗebo mata ruwan. Kuma ya yi. Namiji guda a cikin jerin mata, da tulu a kafaɗa, har ƙarshen rani. Amma garmarsa ba ta bar cinyarsa ba, sauran mata shida kuwa suka ci gaba da tafiyarsu.

A wannan zaman ne Maiwada ya ce to a sauya tsarin kansa, daga yau abin da mafi yawa suka yarda shi ne magana. Muka ajiye shida. Sai muka tuna sauya tsari ma magana ce, ita ma sai da bakwai. Kolo ya fashe da dariya har yana dukan ƙasa, don ba abin da ya rage sai dariyar. Maiwada bai yi dariya ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Mun gudu ba mu tsira ba. Can mutum ɗaya yana ce mana ku yi, nan mutum ɗaya yana ce mana ba za ku yi ba."

Shekwolo ya ce, "Ban hana kowa haƙa ba."

"Ba ka hana ba. To tunda kowa da zuciyarsa, ni zuciyata ta ce in koma Limawa. Ko wannan ma sai da garmarka?"

"A'a. Wannan naka ne."

Ranar tashin Maiwada, Shekwolo ne ya saɓa keken ɗinkin a kafaɗa tun daga tunga har ƙofar shago, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Ya ajiye, ya sha ruwa, ya yi musu fatan alheri, ya juya. Haka ya yi wa duk wanda ya tashi bayan nan. Shekarar ta zo da tashin hankali, sannan yaƙi ya biyo baya, mutane da yawa suka bar Minna, aiki ya buɗe a reluwe da kantuna. Irimiya ya shiga soja, ba mu sake jin duriyarsa ba. Ishaya ya samu gadi. Alhassan ya koma wurin danginsa a Kagara. Kolo ya ce shi ɗan ruwa ne, zaman tudu ya ishe shi. Ba wanda aka kora, ba wanda ya yi faɗa. Kowa ya yi amfani da 'yancin da Shekwolo ya tsaya masa a kai, shi kuma ya ɗaukar masa kaya.

Rifkatu ta tashi a 1968. Magdalene ta yi aure a gari da wani Philip mai gyaran keke, ta haihu, tana bukatar hannu. Matata Sara tana wurin lokacin da Rifkatu ta ɗaure ƙullinta ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Zan je wurin yarinyar nan. Ban san ranar dawowa ba." Ya ce, "Ba zan hana ki ba." Ta ce, "Na san ba za ka hana ni ba. Tambayarka nake." Ya ce abin da zuciyarta ta ga ya fi, shi ne daidai. Daga baya, tana sayar da dafaffiyar doya a tasha, ta faɗa wa Sara cewa da ya ce zauna, ko da sau ɗaya, ko da da tsawa, da ta kwance ƙullin. Shekara ashirin da aure, ta ce, bai taɓa ce mata yi kaza ba, har ta kai ba ta san ko yana bukatarta ba.

Ni ne na ƙarshe. Na jure shekara guda, gida biyu a cikin kangaye biyar, Sara tana kuka da rafi, ni ina kuka da shiru. Da aka ce ana ɗaukar leburorin layi na je aka ɗauke ni. Na yi kwana uku ina neman yadda zan faɗa masa, ashe ya riga ya sani, har ya gyara igiyar ɗaure kaya. Na ce, "Yaya, mu tafi tare mana." Ya ce wa zai bar wa doya. Na ji haushinsa ranar, haushi mai tsanani, don na so ya zage ni ko ya ce na ci amana, in samu abin riƙewa. Sai ya ɗauki turmin Sara ya wuce gaba.

Mutane sukan tambaye ni wa ke da gaskiya tsakaninsa da Maiwada. Na gaji da wannan tambaya. Na ga ƙungiyar teloli da Maiwada ya kafa daga baya a Limawa, da ranar taro da tara da komai, ta yi ƙarfi ta yi amfani, na kuma ga ranar da suka hana wani tsoho ɗinki a unguwar don ya ƙi shiga. Na ga ramin rijiyarmu kuma, kwaɗi suna kuka a ciki. Wanda yake da amsa ya riƙe abarsa.

A ranin 1972 na samu hutu na je duba shi. Na tarar da ɗakinsa a buɗe ta sama, guguwar ƙarshen damina ta yaye jinkar. A tsakar gida kuwa ga sabuwar jinka a ƙasa, ya ɗaure tsaiko, ya baibaye ta da shuci tsaf, aikin gwani. Ya tokare gefe ɗaya da turmi biyu, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. A nan yake kwana, da rarrafe yake shiga. Kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to shi sai da ya gwada, na ga sandunan da ya kafa da igiyar da ya rataya a reshe. Wata huɗu ke nan tana ƙasa.

Na ce, "Yaya, me ya hana ka aiko?"

Ya ce, "In aika in ce me?"

"Ka ce a zo a ɗora maka jinka! Faɗi rana, ni zan tara su."

"Kowa yana da aikinsa. Ka faɗa musu dai yadda ka gani. Wanda ya samu hali ya zo."

Na koma gari na faɗa musu kamar yadda ya ce, kuma wallahi kowa ya ji tausayi, kowa ya je. Ishaya ya je ran Litinin da ba ya aiki. Kolo ya je wata Laraba da busasshen kifi. Philip ya je ran Lahadi bayan coci. Maiwada ma ya rufe shago wata Asabar ya taka har can da sabuwar riga a ƙunshe. Kowannensu ya gaishe shi, ya ci doya da manja, ya zagaya jinkar ya yaba ɗaurin, ya kama gefe ɗaya ya jijjiga, ya dawo gida. Mutum huɗu masu zuciyar kirki, tafiyar awa huɗu kowanne zuwa da dawowa, jinka ba ta tashi ko taƙi ɗaya ba. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas.

Sai na zama dagaci. Na sa Asabar. Na bi su gida gida, ban roƙi kowa ba. Na haɗa Ishaya da matarsa, na haɗa Philip da surukarsa, na ce wa Kolo in bai zo ba kada ya sake gaishe ni. Maiwada kuwa a gaban masu kawo ɗinki na tsaya na ce mai wa'azin tsintsiya ya bar ɗan'uwansa yana kwana a ƙarƙashin jinka kamar kaza. Ranar Asabar mu biyar muka kama hanya tun da sassafe.

Da ya hango mu tare ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Sai kuma ya dube ni, hasken ya ragu. Bayan gaisuwa ya juya wurin Maiwada ya ce, "Malam, da kanka ka zo, ko an sa ka?"

Na yi wa Maiwada ido. Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "An sa ni. Ayuba ya sa ni, kunya ta sa ni, matata ta sa ni. Ran da na zo da kaina ai ka gani, doyarka kawai na ci. Haka mutane suke zuwa, Shekwolo, sai an ɗan ja su."

"To ban yarda ba."

Maiwada ya ce, "Ba mu zo da garma ba. Ku kama!"

Muka zagaye jinkar muka sa kafaɗa. Sabon shuci ne mai kauri, ga raɓa ta jiƙa shi. Muka ɗaga ta har ƙugu, muka taka zuwa bango, amma wajen cilla ta sama sai gefen da ba kowa ya rinjaya, tsaiko ya fara ƙara kamar zai karye. Muka sauke. Muka sake, haka. Shekwolo na tsaye gefe, hannu a baya, yana kallon aikinsa na wata guda zai tarwatse. A karo na uku Kolo ya yi ihu cewa ta tafi, sai na ji nauyin ya ragu. Ban ga lokacin da ya shigo ba, dogon wuyansa kawai na gani a ƙarƙashin shuci. Jinka ta hau ta zauna daram. 

Ya dafa mana doya, muka ci a inuwar sabon ɗaki, Maiwada yana ba da labarin siyasa, Kolo yana tsokanarsa, kamar shekara goma ba su wuce ba. Shekwolo bai ce an gode ba, amma sau uku yana ƙara doya a wuta. Da rana ta karkata muka tashi, ya ce bari ya taka mana. Rakiya a wurinmu iyakarta bakin gona. Muka wuce bakin gona yana biye. Muka wuce rafi, muka wuce duwatsu. Ishaya ya ce, "Yaya, ka koma haka nan," ya ce bari dai a kai waccan bishiya. Aka kai bishiya aka wuce. Sai da muka iso layin dogo, gari yana gabanmu, sannan ya tsaya.

Ya kalli wani wuri can gefe ya ce, "Jinkan rumbu ma ya fara yoyo."

Duk mun ji. Kolo ya ce Allah ya kyauta. Maiwada ya dube ni, ni kuma na dubi Shekwolo. Na gaji da zama dagaci, na zubar da mutuncina a gida huɗu don Asabar guda, kuma na ƙudura a raina wannan karon sai ya faɗa da bakinsa. Kalma ɗaya nake jira, ko Asabar, ko Lahadi, ko ma bayan Sallah. Bakinsa ya motsa. Sai ya ce mu gai da gida, mu gai da Rifkatu. Muka tsallaka layi.

Ban sa rana ba, ba kuma wanda ya sa. Wannan abu yana damuna har yanzu, fiye da sunkuyar da kan da na yi a ƙofar dagaci, don a can tsoro ne, a nan kuwa fushi ne kawai. Na koma wurinsa sau uku bayan haka, kowane zuwa ni kaɗai. Mukan zauna a ƙofar ɗaki mu yi hirar ruwa da farashin doya. Jinkar rumbun tana gefe a ƙasa, a ɗaure tsaf, a baibaye, ba ya kallonta, ni ma ba na kallonta. A zuwana na ƙarshe gara ta cinye rabinta. A jikin bango kuwa ya jingine sababbin sandunan wata jinkar da ya saro, ya feƙe su, ya jiƙa igiya a kasko.